Makonni bakwai da suka ɓace mini: Yadda na tsira daga cutar da garkuwar jiki ke yaƙar ƙwaƙwalwa

A makon jiya na yi muku alƙawarin za mu ci gaba da bayani a kan yadda ake adana magunguna a gida lokacin zafi. Ina neman afuwarku, za mu ɗage wannan zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wani abu ne ya faru a wurin aikina da ya sa na ga bai kamata in ci gaba da rufe wani labari da na daɗe ina riƙe da shi ba.

Ranar Talata da yamma wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki. Ta tsaya gefe sai da mutane suka ragu, sannan ta matso ta ce in taimaka mata da maganin barci mai ƙarfi. Na tambaye ta na wane ne, ta ce na 'yarta ne, 'yar shekara 19, ɗaliba a jami'a. Kwana shida ke nan ba ta runtsa ba, tana surutai ita kaɗai, tana zargin kowa a gidan, bakinta kuma yana motsi kamar mai tauna cingam alhali babu komai a ciki. Kafin nan ta yi zazzaɓi da ciwon kai. Sun kai ta wajen malamai biyu. Kafin in buɗe baki sai uwar ta riga ni: "Don Allah 'yar nan, kada ki ce mu kai ta asibitin mahaukata. An sa mata rana."

Ban ba ta maganin ba. Na ja ta zuwa ciki, na ba ta kujera, na ce, "Mama, zauna in faɗa miki abin da ya taɓa samuna." Abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku yau.

Shekara biyar da suka wuce, ina da shekara 29, da aurena da 'yata ɗaya 'yar shekara biyu da rabi, na tashi da ciwon kai da zazzaɓi da kasala. Na yi gwajin maleriya bai nuna komai ba, amma duk da haka na sha maganin maleriya. Ni da kullum nake yi wa mutane faɗa a kan shan magani ba tare da ganin likita ba, abin da na yi ke nan. Zazzaɓin ya sauka bayan kwana huɗu, na koma aiki, na ɗauka an gama.

Barci ne ya fara ƙaurace mini. Sai in kwanta ido biyu har a kira sallar asuba, kuma ba na jin gajiya. Daga nan sai lissafi ya fara kuɓuce mini. Na tuna wata rana ina ƙirga wa wani dattijo ƙwayoyin hawan jini guda 30, sau huɗu ina farawa ina ɓata a hanya, har abokiyar aikina ta karɓa ta ƙarasa. Maimakon in gode mata, sai zuciyata ta ce mini ita ce take rage ƙwayoyin don a kore ni. A cikin mako guda na tabbatar wa kaina cewa masu karanta labarai a rediyo da ni suke, kuma maigidana yana zuba mini wani abu a shayi. Ku sani, mai karatu, a lokacin ko kaɗan ban ji kamar ba ni da lafiya ba. Gani nake ni kaɗai ce na gane abin da ake ƙullawa.

Abu na ƙarshe da nake iya tunawa shi ne ina tsaye a kicin da ludayi a hannuna, ina kallonsa, na rasa abin da ake yi da shi. Daga nan har makonni bakwai babu abin da ya rage a kaina. Duk abin da zan faɗa muku game da waɗannan makonni, daga bakin maigidana da mahaifiyata na ji shi, sai kuma wani littafin rubutu mai shafi 40 da yayata, malamar makaranta, ta riƙa rubuta duk abin da na yi a ciki, da rana da lokaci.

Da abin ya tsananta, Mama ta taso daga gida ta zo Abuja. An kira malami ya yi mini ruƙiya. Sun ce da ya fara karatu sai na ƙwalla ƙara, na banƙare, muryata ta sauya, na riƙa maimaita duk kalmar da aka faɗa. Duk wanda ke ɗakin ya gamsu cewa shafar aljanu ce. Goggona kuwa ta ce jifa ce daga wurin aiki, tunda ba a daɗe da yi mini ƙarin girma ba. Aka yi ta tofi da hayaƙi da shafe-shafe har kwana goma. Har yau ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Abin da suka sani suka yi, kuma don ƙauna suka yi shi. Da ni ce a tsaye wata take kwance, ban tabbata ba zan yi irin tunaninsu ba.

A kwana na 11, da asuba, jijjiga irin ta farfaɗiya ta kama ni, na ciji harshena har jini ya ɓata matashi. A nan maigidana ya ce ko me za a ce sai an tafi asibiti. A asibitin kuɗi da aka fara kai ni, an yi mini maganin maleriya da na taifot, an yi hoton kai bai nuna komai ba. An kira maigidana gefe aka tambaye shi ko ina shan taramol ko kodin, tunda makullan ma'ajiyar magunguna a hannuna suke. Ya ce wannan tambayar ta fi komai yi masa zafi, duk da ya san aikinsu ne su yi ta. Da gwaji ya wanke ni, sai aka rubuta mana takarda zuwa sashen masu taɓin hankali a wani babban asibiti.

A can, saboda ina fizge-fizge ina neman ji wa kaina rauni, aka yi mini allurar haloferidol, maganin da aka saba bai wa wanda hankalinsa ya tashi. A wajen mutane da yawa yana aiki lafiya lau. Ni kuwa kafin gari ya waye jikina ya sandare kamar itace, zazzaɓi ya hau, gumi yana ta zuba, bugun zuciyata yana hawa yana sauka. Wata matashiyar likita a sashen ta tsaya a kaina ta daɗe, sannan ta tambayi Yaya yaushe abin ya fara. Yaya ta miƙa mata littafin. Ta zauna ta karanta shi daga farko har ƙarshe, ta ce wa maigidana, "Malam, matarka ba ta taɓa irin wannan ba, cikin mako uku ta tashi daga lafiya zuwa nan, ga zazzaɓi, ga jijjiga, ga motsin baki, ga yadda jikinta ya ƙi wannan allurar. Ina so likitan jijiyoyi ya gan ta yau." Bayan ikon Allah, wannan likitar da littafin Yaya su ne silar da nake rubuta muku wannan shafi.

Likitan jijiyoyi ya ce sai an ɗebi ruwan ƙashin bayana. Nan ma an kai ruwa rana, domin a dangi akwai masu cewa duk wanda aka ɗebar wa ruwan baya ba ya sake tafiya, mace kuma ba ta sake haihuwa. Wannan magana ba ta da tushe. Ana saka allurar ne a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki yana mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Maigidana ya sa hannu. Ruwan ya nuna alamar kumburi a ƙwaƙwalwa, amma babu ƙwayar cutar sanƙarau a ciki. Hoton MRI ya fito lafiya. Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a kai don auna wutar ƙwaƙwalwa, ya nuna aikinta ya yi sanyi ƙwarai. Sai likitan ya ce a yi mini hoton mara. Mama ta ce, "Likita, ciwo a ka, me ya kawo maganar mara?" Aka yi hoton, aka ga ƙari a gidan ƙwaina na dama.

Bari in tsaya a nan in sa rigar aikina in yi muku bayanin cutar.

Allah Ya sanya mana garkuwar jiki, wadda ke ƙera wasu sinadaran kariya da ke kama ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar takan yi kuskure ta juya kan jikin da take gadi, kamar maigadin da ya ɗauki maigida ɓarawo ya hau shi da sanda. A wannan cutar, abin da take kai wa hari wasu 'yan ƙananan ƙofofi ne a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA. Ta waɗannan ƙofofi saƙo ke wucewa daga wata ƙwaya zuwa wata, kuma da su ake koyo da tuna abu da tsara tunani. Idan sinadaran kariyar suka maƙale musu, sai ƙwayar ta janye ƙofofin zuwa cikinta, saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata. Mu masu harhaɗa magunguna mun san waɗannan ƙofofi ta wata hanyar, domin ketamin, maganin da ake sa majinyaci barci da shi a ɗakin tiyata, su yake toshewa, shi ya sa wasu ke farkawa daga shi suna gane-gane da sambatu. To, ku ƙaddara mutum yana cikin irin wannan hali dare da rana na tsawon makonni. Sunan cutar a asibiti ensefalaitis na NMDA, wato kumburin ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da waɗannan ƙofofi. Abin da ke sa a yi fata a kanta shi ne, galibi ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba mutuwa suke yi ba. Idan aka kawar da sinadaran da ke damunsu, ƙofofin suna dawowa sannu a hankali.

Ƙarin da ke marata fa? Sunansa teratoma. Wani irin ƙari ne da akan samu gashi da haƙori da tsokar jijiya a cikinsa, kuma mafi yawansu ba kansa ba ne. Garkuwar jiki takan ga tsokar jijiyar nan a inda bai kamata ba, ta ƙera makamin yaƙarta, makamin kuma ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa inda irin wannan tsoka ta fi yawa. Kusan rabin matan da suka balaga masu wannan cuta ana samun irin wannan ƙari a jikinsu. Wasu kuma cutar takan biyo bayan wani kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayar cutar hafis ke haddasawa. A wasu da yawa, musamman yara da maza, ba a samun wani ƙari ko kaɗan.

Cutar ba ta daɗe da samun suna ba. A shekarar 2007 ne wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Josep Dalmau, da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka suka gano ta suka bayyana ta. Kafin nan masu ita ana ɗaukarsu masu taɓin hankali ne, ko a ce kumburin ƙwaƙwalwa da ba a san dalilinsa ba. Duniya ta ƙara saninta ta hanyar Susannah Cahalan, 'yar jarida a New York Post, wadda ta kamu da ita a 2009 tana da shekara 24. Ita ma an fara zaton taɓin hankali ne ko illar giya, har wani likita, Souhel Najjar, ya ba ta takarda ya ce ta zana agogo, sai ta tara duk lambobin a ɓangaren dama. Wannan zanen ya nuna masa cewa ciwon a naman ƙwaƙwalwar yake. Ta rubuta labarinta a littafin Brain on Fire a 2012. Idan a birnin New York an yi makonni ana lalube, ba abin mamaki ba ne a yi hakan a wajenmu. Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, ana ƙiyasta mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan a shekara, kuma kusan huɗu cikin biyar na masu ita mata ne, yawancinsu 'yan mata da matasa.

Gwajin da ke tabbatar da ita shi ne a samu sinadaran kariyar a ruwan baya. Nawa sai da aka aika shi ƙasar waje, ya yi kusan mako uku kafin sakamako ya dawo. Likitan bai jira ba. Tun 2016 masana sun fitar da ƙa'idar da ta ba likita damar fara magani idan alamomi sun haɗu kuma an kore sauran cututtuka. Aka fara ba ni siteroyid mai ƙarfi ta jijiya, giram ɗaya kullum har kwana biyar, don a kwantar da garkuwar. Aka bi shi da IVIG, wato sinadaran kariya masu lafiya da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da gudummawa, shi ma kwana biyar. Aka yi tiyata aka cire ƙarin. A tsakanin nan numfashina ya riƙa ɗaukewa, na yi kwana tara a sashen masu tsananin rashin lafiya, na'ura tana taya ni numfashi. Akwai kuma wankin jini da ake yi wa wasu don cire sinadaran, wanda kuma bai samu sauƙi da waɗannan ba akan ƙara masa magunguna na mataki na biyu, irin su ritusimab. Ni Allah Ya taimake ni ban kai ga nan ba.

Ba zan ɓoye muku ba, maganin yana da tsada ƙwarai, musamman IVIG da ake auna shi da nauyin jikin majinyaci. Maigidana ya sayar da filinsa, Mama da Yaya suka sayar da gwala-gwalansu, abokan aikina, har da wadda na zarga da rage ƙwayoyi, suka yi karo-karo. Na san gidaje da yawa ba su da abin sayarwa. Su nake so su sani cewa siteroyid ɗin da ake farawa da shi ba shi da tsada kamar sauran, kuma ana samunsa a manyan asibitocinmu. Kada tsoron kuɗi ya hana a je a ji ta bakin likita.

Mutane sukan zaci farfaɗowa irin ta fim ce, mutum ya buɗe ido ya kira sunan 'yan uwansa kowa ya fashe da kukan murna. Tawa ba haka ta zo ba. Numfashi da bugun zuciya suka fara daidaita, sannan motsin baki ya ragu, sannan na fara bin mutane da ido, magana ta biyo baya da kalma ɗaya-ɗaya. Tunani da hali su suka zo ƙarshe. Abin da na fara tunawa shi ne ƙamshin man zafi a hannun Mama tana matsa mini ƙafa.

An sallame ni bayan wata biyu, kuma a gida ne na san an yi ciwo. Ina barcin sa'a 14 a rana. Ina cin abinci kamar ba ni ba. Siteroyid ya kumbura mini fuska har na ƙi kallon madubi. Idan na tayar da salla sai in manta raka'a ta nawa nake, Yaya ce take tsayawa gefena ina bin ta. Bakina ba shi da linzami, duk abin da ya zo mini sai in faɗe shi a gaban baƙi, in an yi mini magana in fashe da kuka. Likita ya gaya wa maigidana cewa wannan duk cikin hanyar warkewa ne, sashen ƙwaƙwalwar da ke tsawata wa mutum shi ne yake jinkirin dawowa.

Abin da ya fi ci mini rai 'yata ce. Ranar da na dawo gida na miƙa mata hannu, sai ta ruga ta ɓuya a bayan kakarta. Fuskata ta sauya, kuma ashe kafin a kai ni asibiti na taɓa daka mata tsawar da ta firgita ta. Mako uku tana leƙena daga bakin ƙofa. Mama ta ce kada in matsa mata, in riƙa zama a tabarma kusa da inda take wasa kawai. Wata rana da la'asar, ba tare da kowa ya ce mata komai ba, ta ɗauko mataji ta zo ta zauna a cinyata ta ce, "Umma, yi mini kitso." Hannuna yana rawa, kitson bai yi kyau ba, amma sai da ta kwana biyar da shi don na hana a tsefe.

Sai kuma bakin mutane. A wani taron suna na miƙa hannu zan karɓi jaririya, sai wata mata ta yi wuf ta ɗauke ta, wai za ta kai ta a shayar. Na ji ana raɗa cewa ai ita ce wadda ta taɓu. Daga baya na samu labarin cewa tun ina asibiti wasu suka bai wa maigidana shawarar ya mayar da ni gidanmu ya nemi wata, wai irin wannan ba ya warkewa kuma yana bin jini. Ya ce musu da ciwon ƙoda ne ya kama ni, za su faɗi haka? Na kuma ji irin maganganun da na yaɓa wa surukata a lokacin da ba na cikin hayyacina. Na je har ɗakinta na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ɗaga ni ta ce, "Tashi 'yata, wadda ta faɗi wannan ba ke ba ce, ciwo ne." Wannan kalmar ta yi mini aikin da magani bai yi ba.

Sai bayan wata 11 na koma aiki, shi ma da sharaɗin da ni na gindaya wa kaina: duk maganin da na haɗa sai wani ya duba kafin ya fita, har tsawon wata uku. A aikinmu kuskuren sifili ɗaya yana iya kashe mutum, kuma sai da na ga wata uku sun wuce babu gyara sannan na yarda da kaina. Na sha siteroyid na watanni, ana rage mini shi kaɗan-kaɗan, tare da maganin farfaɗiya da na ƙarin ƙarfin ƙashi, ana kuma duba sugana da hawan jinina. A nan zan ja kunnen duk mai shan siteroyid na dogon lokaci: kada ka yanke shi rana ɗaya don ka ji sauƙi ko don fuskarka ta kumbura, yin hakan yana da haɗari ga rai. Likita ne kaɗai zai tsara yadda za a sauke shi. Bayan shekara biyu da rabi na haifi ɗa namiji, ni da aka ɗebi ruwan bayana aka kuma yi mini aiki a gidan ƙwai. Har yau ina rubuta komai a takarda don sunaye sukan kuɓuce mini, kuma idan na kwana biyu ban yi barci sosai ba gabana yakan faɗi. Ina zuwa ganin likita duk shekara.

Ba ni kaɗai ce na warke ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya bi majinyata 577, ya nuna cewa kusan kashi 81 cikin 100 sun samu sauƙi sosai cikin shekara biyu, kuma kimanin kashi 12 cutar ta sake taso musu a wannan tsakani, galibi ba da ƙarfin farko ba. Akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda ta bar wa rauni. Binciken ya nuna waɗanda aka fara yi wa magani da wuri sun fi samun lafiya. Kwana goman da na yi a ɗaki suna cikin lissafin nan.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Idan mutumin da kuka sani da hankalinsa ya sauya cikin kwanaki ko 'yan makonni, ku lura ko akwai waɗannan tare da sauyin:

1. Zazzaɓi ko ciwon kai kafin abin ya fara, da rashin barci na kwanaki.
2. Jijjiga ko suma.
3. Motsin baki, harshe, fuska ko hannu da ba shi yake yi da gangan ba, ko sandarewar jiki.
4. Magana ta ragu, ta harɗe, ko ta ɗauke gaba ɗaya.
5. Yawan gumi, dalalar miyau, bugun zuciya mai hawa da sauka, ko ɗaukewar numfashi.
6. Jiki ya ƙara rikicewa bayan an ba shi maganin kwantar da hankali.

Idan kun ga biyu ko uku daga ciki, ku nufi babban asibiti a ranar, wanda ke da likitan jijiyoyi, kamar asibitocin koyarwa. Mai yiwuwa ba irin cutata ba ce, domin maleriyar da ta hau ka, da sanƙarau, da faɗuwar suga, da illar ƙwaya, da rikicewar da ke samun wasu mata bayan haihuwa duk sun fi ta yawa a wajenmu. Amma kowace a cikinsu asibiti take buƙata, kuma kowace jinkiri yana ƙara mata ƙarfi. Ku samu mutum ɗaya ya riƙa rubuta abin da ke faruwa da rana da lokaci, ku ɗauki bidiyon jijjigar ko motsin bakin a waya don likita kaɗai, ba don turawa dangi ba. Kada ku sayi maganin barci a kemis ku ɗura masa. Addu'a kuwa ba a ce a daina ba. Mama ba ta fasa yi mini tofi ba har a gadon asibiti, ledar ƙarin ruwa tana rataye a gefe guda, kuma babu likitan da ya hana ta. Idan kuma bincike ya nuna taɓin hankali ne, shi ma ciwo ne kamar kowane, yana da magani, kuma likitar da ta ceto ni a wannan sashen da muke gudu take aiki.

Ga masu jinyar wanda ya fara farfaɗowa, ku yi haƙuri da shi, warkewar takan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Kada ku riƙa ba shi labarin abin da ya yi kuna dariya, kada kuma ku riƙe shi da maganar da ya faɗa ba ya cikin hayyacinsa.

Baiwar Allah nan da na fara ba ku labarinta ta saurare ni har na gama. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu ke ɗin nan?" Na ce ni ɗin nan, Mama. Na rubuta mata alamomin 'yarta a takarda, da sunan cutar, na ce ta miƙa wa likita ta roƙe shi ya duba har da wannan. Washegari ta kira ni ta ce suna asibitin koyarwa, an ba su gado, an fara gwaje-gwaje. Ina roƙonku ku sa yarinyar a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, mu kuma Ya ƙara mana lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.